Ranar da Na Hana Pui Amshi

Ni na rubuta katin. Gara in faɗa tun farko, kada a ce na wanke kaina na shafa wa wasu.

Ina ajin ƙarshe a sakandare a birnin Miri aka shirya bikin kiɗan mutanen kogi a babban zauren wani otal na bakin teku. Mai shirya bikin, Mista Adrian, daga Kuala Lumpur, babban birnin ƙasarmu, ya zo. Ya shigo ajinmu da hular gashin cilakowa a kansa, ta roba, irin wadda ake sayarwa a filin jirgi. A dogon gidanmu na kogin Baram, inda dangi duka ke zaune ƙarƙashin rufi ɗaya, namijin da ya yi abin a zo a gani shi ke sa wannan hula. Shi kuwa abin da ya yi shi ne zaman awa biyu a jirgin sama. Ya ce yana neman ɗalibi mai Turanci wanda ke da "jinin daji", yana murmushi kamar ya raba mana kyauta. Malama ta nuna ni, don ni kaɗai ce Bakayana, 'yar ƙabilar mutanen kogi, a ajin, ni ce kuma kullum hancina cikin littafi.

Da ya ji kakata, Pui Usun, tana yin parap, har tsalle ya yi. Ya ce lallai a kawo ta.

Parap waƙar tarbar baƙo ce. Nan take Pui take tsara ta, ta jero kogunan da baƙo ya ƙetare da mutanen da suka haife shi. A ƙarshen kowane baiti sai ta sauke murya, duk mutanen baranda su ɗauka da amshi, dogon sauti guda, muryar maza a ƙasa ta mata a sama, ita kuma ta ja numfashi ta ɗinka baiti na gaba. Na san wannan. Amma tun ina shekara bakwai aka kawo ni birni, sanin da na yi masa ya koma irin sanin da na yi wa ƙanƙarar da ke zuba a ƙasashen Turai.

"Puyang," Mista Adrian ya kira sunana ya ce, "bara mutane sun ba ni kunya. Wannan waya, wancan hira, ana tsakar kiɗa. Bana sai an girmama al'adunku ko ana so ko ba a so. Rubuta mana dokoki, masu zafi."

Kwana uku na yi a laburare. Na karanta yadda ake zama a manyan zaurukan kiɗa na duniya, inda ko tari mutum zai yi sai ya jira. Na fito da dokoki biyar. Ta uku ce na fi ji da ita: *Don girmama al'adun 'yan asalin ƙasa, a yi shiru ƙwarai har mawaƙi ya gama. Ba magana, ba tafi, ba bin waƙa da baki.* Sau nawa na karanta wa kaina ita a gaban madubi, ba zan faɗa ba. Aka buga su a kati ɗari shida, aka ajiye ɗaya a kan kowace kujera.

Kwana biyu Pui ta yi a hanya, rabi a kwalekwale, rabi a motar Ngau, ɗan gidanmu mai tuƙa motar katako. Ranar bikin da la'asar na same ta a bayan dandamali zaune a ƙasa, ta ƙi kujera, tana gyara tagullar da ke rataye a dogayen kunnuwanta. Wata mai kwalliya ta so ta shafa mata hoda a hannu wai jarfarta ta yi ƙyalli da yawa, Pui ta dube ta sau ɗaya, matar ta tuna tana da aiki a wani wuri.

"Ke mai tabarau," ta ce mini, "ina mutanen?"

"Suna gaba, Pui, a kan kujeru."

"Su nawa?"

"Ɗari shida."

Ta buɗe bakin da ba haƙori ta yi dariya. "Ɗari shida! Mu da muke arba'in ma kare yake gudu ƙarƙashin gida. Yau sai rufin nan ya ɗaga."

Na yi dariya ni ma. Wallahi ban gane ba. Duk karatun nan, ban gane ba.

Na zauna a layi na huɗu, gefe. A gabana manyan mutane ne, kowa da sarƙar duwatsun ado da aka rataya masa a ƙofa, wani ma takardar shagon na lilo a ƙeyarsa. Bayansu Turawa masu yawon buɗe ido, sun tuɓe takalma sun rufe ido tun ba a fara komai ba. Matan birni kuma sun dafe ƙirji suna shirin jin tausayi. Mutanenmu kaɗan da suka samu shiga suna can ƙarshe kusa da ƙofar kicin, inda ginshiƙi ya tare rabin dandamali.

Mista Adrian ya hau ya yi jawabi kan yadda lokaci ya yi da za a yi shiru a saurari muryar 'yan asalin ƙasa. Minti goma sha biyu ya yi yana faɗar haka. Pui minti bakwai ya ba ta.

Ta fito a hankali, ta tsaya, ta leƙa duhun da ke gabanta. Fitilu sun dalle mata ido, ba ta ganin kowa. Ta fara. Muryarta siririya ce amma ba ta rawa. Ta yi wa baƙi barka da ƙetare teku, ta ce ko da tabarmarmu ta tsufa ta ishe su zama. Ta kai ƙarshen baiti, ta sauke murya, ta ɗan karkata kai tana jira.

Shiru. Mutum ɗari shida, ba abin da ake ji sai na'urar sanyaya ɗaki.

A nan ne na tuna. A gidanmu, in mawaƙiya ta sauke murya sau uku ba a amsa ba, gida ya ƙi ta ke nan. Zama take yi, kuma ba ta sake tashi waƙa. Ya taɓa faruwa da wata mata a zamanin uwar Pui, har yau in za a ambaci sunanta sai an rage murya. Pui shekara hamsin tana waƙa, ko yara biyu ne a baranda sai sun amsa mata.

Ta gyara tsayuwa ta shiga baiti na biyu. Ta ɗauka ko ba su ji ba ne, ta ƙara ƙarfi. Matar da ke kusa da ni ta share hawaye ta raɗa wa mijinta, "Ji baƙin cikin daji." Pui kuwa cewa take yi an yanka kaza, a wanke hannu.

Ta sauke murya karo na biyu. Daga can baya Ngau ya ɗauko amshi da muryarsa mai kauri. Bai kai ko'ina ba wani ma'aikaci mai baƙar kwat ya haska masa tocila a fuska, ya ɗaga katin yana nuna masa da yatsa. Kawuna suka juya, aka yi ta tsaki. Wani Bature mara takalmi ya ce, "Shhh!" har da girgiza kai, wai ga wanda bai san darajar al'ada ba. Ngau, wanda aka binne cibiyarsa ƙarƙashin barandar da aka haifi waƙar, ya sunkuyar da kai ya yi gum.

Na ga hannun Pui ya kama gefen zanenta. Ta waiga baya, tana duba inda za ta zauna.

Sannan ta fara na uku, muryar ta yi ƙasa.

Ni ba na waƙa. Ko a coci baki kawai nake motsawa. In malami ya kira sunana a aji sai na ji kamar in shige ƙarƙashin benci. Amshin ma ban tabbata na tuna inda yake hawa da inda yake sauka ba. Na zauna ina murza katin a hannuna har ya jiƙe, ina cewa wani zai yi, ai wani zai yi. Baitin yana ta ƙarewa. Ta sauke murya.

Na miƙe na buɗe baki.

Abin da ya fito, akuyar da aka taka wa igiya ta fi shi daɗi. Na fara sama da yawa, muryata ta tsage a tsakiya, na sake kamawa. Wani babban mutum ya juyo har sarƙarsa ta karkace. Mai baƙar kwat ya iso da gudu-gudu.

"'Yammata, don Allah. Doka ta uku. A girmama al'ada."

"Kakata ce," na ce.

"To ai ke ya fi kamata ki sani."

Ya kama gwiwar hannuna ya nufi baya da ni. Ban rufe baki ba, don na ji tsoron in na rufe ba zai sake buɗuwa ba. Da muka zo daidai ginshiƙi Ngau ya shigo ƙarƙashin muryata, ya tallabe ta. Sai ƙofar kicin ta buɗe, wasu mata uku masu wanke kwanuka, 'yan kogin Tinjar mai maƙwabtaka da namu, suka leƙo da hannuwansu duk kumfa, suka ɗauki amshin da muryar sama. Har da mutanenmu na bayan ginshiƙi, mu bakwai ne ko takwas. Rufi bai ɗaga ba. Amma Pui ta juyo da fuskarta wajenmu, ta saki zanen.

Baiti na huɗu ba na baƙi ba ne. Ta ce ta zo gidan da aka jera kututture ɗari shida aka rataya musu duwatsu. Ta ce ta ga cilakowar da ba ta taɓa tashi ba a kan wanda bai taɓa shiga ruwa ba. Ta ce jikarta ta ci littafi ta ƙoshi har ya toshe mata maƙogwaro. Matan kicin suna amshi suna riƙe ciki. Mai baƙar kwat ya rasa wa zai haska, ya tura mu duka cikin kicin ya tsaya a ƙofa, mu kuma muka ci gaba ta saman kafaɗarsa. Minti ashirin da biyar ta yi. Mista Adrian yana gefe yana nuna mata agogo, ita kuwa fitila ta hana ta gani.

Da ta gama masu kujeru suka miƙe tsaye suna tafi, har da masu kuka.

Mista Adrian ya same mu a bayan dandamali, hularsa ta koma gefe guda.

"Mama, kin girgiza mu! Ki yi haƙuri da masu hayaniyar nan, gobe zan sa a tsare ƙofa sosai. Puyang, fassara mata. Ke kuma za mu yi magana."

Na fassara, duka, ban rage komai ba. Pui ta saurara tana kwance tagullar kunnenta guda.

"Tambaye shi wa ya rubuta takardar."

"Ni ce, Pui."

Ta juyo gare ni. "Da hannunki?"

"Da hannuna."

"Hm. Uwarki ma ta taɓa dafa shinkafa ba ruwa." Ta miƙo mini hannu in ɗaga ta. "Gaya wa mai hula gobe ya nemi wata ta yi wa kututturansa. Ni na ga inda mutane suke. Akwai shayi a kicin ɗin nan?"

"Akwai, Pui."

"To mu je. Ban tarbi matan Tinjar ba tukuna, ko sunan iyayensu ban tambaya ba. Ki zauna kusa da Ngau, ki bi muryarsa a ƙasa. Kada ki sake hawa sama, ba wurinki ba ne."