Rabin-Goro ta Baba Gana

Duk wanda ya ce maka ƙwallon golf duk ɗaya ce, wallahi bai taɓa riƙe Rabin-Goro ba. Sunan da mahaifina Baba Gana ya raɗa mata ke nan, don rabinta fari ne, rabi ruwan goro. In ya doke ta sai ta tashi tana juyi tana ƙyalli, ka bi ta da ido har ta sauka. Ga laushi a hannu, ga ƙara tas mai daɗin ji, kuma in ta faɗi kusa da rami ba ta yawon banza. Tun da idon Baba ya fara rauni, fararen ƙwallaye suka daina ganuwa gare shi. Ita kaɗai yake gani.

Sai kamfanin ya daina yin ta. Kai, wasu mutane ba su san darajar abin hannunsu ba! Ranar da ta ƙarshe ta ɓace masa a ciyawa, Baba ya tura sandunansa na golf ƙarƙashin gado. Mutumin da ko zazzaɓi ba ya hana shi zuwa filin golf ran Asabar, ya koma zaman ƙofar gida a Fagge yana amsa gaisuwar masu wucewa. Abin ya ci mini rai.

Na rufe shagona na atamfa a Kantin Kwari, na hau adaidaita zuwa Sabon Gari wajen Ebere, mai sayar da kayan wasanni.

"Hajiya Falmata, an daina yin ta," in ji shi. "Ko a Legas babu."

"Ban zo jin labarin Legas ba. Kwalin da na taɓa gani a saman kantarka fa?"

Ya sosa ƙeya. "Yayata Adaugo ta kwashe. Kaji take kiwo."

Na ce kaji kuma? Golf suke bugawa?

Ya raka ni gidanta a bayan kasuwa. Adaugo ta ɗaga wata ƙatuwar kaza, sai ga Rabin-Goro a ƙarƙashinta, ɗumi-ɗumi, duk kashi. Ta ce in kaza ta ga ƙwallo a akurki sai ta zaci ƙwai ne, ta riƙa saka nata a wurin, mai fasa ƙwai kuwa in ta sara ta ji tauri sai ta daina. Innalillahi! Abin da Baba yake wankewa da sabulun wankansa!

Na faɗa mata halin da yake ciki. Ta yi dariya har da riƙe ciki, sannan ta tattara zane. Ta bi akurki-akurki tana korar kaji suna kyarkyara, Ebere yana maye gurbin da fararen ƙwallayen da ya taho da su daga shago. Da hannunta ta wanke Rabin-Goron duka, ta zuba mini a leda.

"Kaza ba ruwanta da launi," ta ce. "A gaida Baba."

Ran Asabar na bi shi filin, karo na farko a rayuwata. Ya daɗe yana murza ƙwallon a tafinsa yana murmushi. Ya ajiye ta, ya gyara tsayuwa, ya doka. Tas! Ta tashi tana walƙiya, fari da goro, fari da goro, ta miƙe sambal. Sai a lokacin na gane abin da ya sa yake sonta, har na yi guɗa ban sani ba.

Na juyo in ga farin cikinsa, sai na tarar fuskarsa na kallon wani gefe daban.

"Falmata, ina ta yi?"

Ashe ita ma ya daina ganin ta. Hawaye suka cika mini ido, na haɗiye.

"Miƙewa ta yi, Baba. Tana dab da tutar ramin."

"Ai na ji a ƙararta," ya ce.

Ya miƙo hannu, na zaci wata sanda yake nema. Kafaɗata yake lalube. Na saɓa jakarsa a ɗaya kafaɗar, na ce masa akwai ɗan gangare a gabanmu, ya taka a hankali.