Tauraro Mai Shan Isansi

"Baba Babba, in taurari na yi maka magana, mi yah hana su ba ka ɗiya taka ta kanka?"

Yarinyar da ta yi wannan tambaya shekararta shida, kuma a tsakar gida ta yi ta, kowa na zaune ana shan hura. Tawa ce, ta fari, saboda haka ba na faɗin sunanta. A garinmu Deule uwa ba ta kiran ɗan fari da suna, ba ta kuma nuna a gaban mutane cewa ta damu da shi. Na sunkuyar da kai ina juya ludayi kamar ban ji ba.

Wanda aka yi wa tambayar Lurwanu ne, wan mijina Kalla. Shekara goma sha huɗu yana Faransa, ya dawo mana a ranin 1982 da mota cike da wayoyi da batura. Aikinsa, in ji shi, sauraren sama: taurari suna aiko da wata murya irin ta rediyo, kunne ba ya jin ta sai na'ura. Ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba, ya shafa kan yarinyar da yatsa biyu kamar mai taɓa tukunya ya ji ko ta huce.

"Fatsima tana da wayo," ya ce. "Can Faransa za ta shiga lakkwal, ta yi boko mai kyau."

Ba Fatsima ba ne sunanta. Ba wanda ya gyara masa.

Maganar ta riga ta ƙare tun kafin a gaya mini. Matarsa Bafaransa ce, shekara goma ba haihuwa, ya nemi riƙo, surukata Inna Jima ta ce an ba shi. In wa ya nemi ɗiyar ƙanensa, ƙane ba ya hanawa, uwar ɗiyar fari kuwa ba a ma tambayarta. Saura kwana goma sha biyu su tafi.

Abin da ya rufe wa kowa ido wata takarda ce mai shafi uku da yake yawo da ita cikin leda. Shekara uku kafin nan ya zo ya kafa wayoyinsa a kan tudun da ke bisa fadamarmu, ya koma ya rubuta cewa ya ji wani tauraro da ba a taɓa ji ba, wanda yake yin ƙara kowace safiya. Takardar ledar jerin sunayen masana ce na ƙasashe daban-daban da suka ambaci rubutun nasa a cikin nasu. Ɗari da arba'in da bakwai. Ya faɗa wa Maigari, ya faɗa wa liman, ya faɗa wa mai gyaran taya a Buza. Da ya bar gida a wancan zuwan, in ji shi, ambatonsa bai wuce tara ba. A can, ya ce, da wannan lissafi ake auna malami: rubutu nawa ka fitar, mutum nawa suka ambace ka. Inna Jima ba ta karatu, amma takan karɓi ledar da hannu biyu ta shafa.

Ni na yi shekara biyu a kwaleji a Madawa kafin a yi mini aure. Na san jerin sunaye ba ya faɗin komai sai sunaye. A lakkwal ma akwai yaron da mushe, wato malaminmu, yake kiran sunansa sau ashirin a wuni, ba don ƙoƙari ba.

Ni aka ɗora wa kai wa Lurwanu kunu kowace safiya, don da safe ba ya saukowa. Tanti ya kafa a kan tudun, da sanduna goma sha shida da waya a tsakaninsu kamar wurin shanyar wata babbar mai wanki. A ciki akwai akwati mai fitilu, da wani alƙalami da ke jan layi a kan doguwar takarda mai tafiya da kanta. Shi kuma yana zaune da safa cikin takalmin soso, yana tace ruwan rijiyar da ya sha har ya girma.

Safiya ta farko ina tsaye da kwano, alƙalamin yana tafiya lafiya lau, sai ya fara rawa sama da ƙasa. Lurwanu ya duba agogo ya rubuta. A daidai lokacin kuma, daga can ƙasa, na ji motopompin Kalla, injinsa na ban-ruwa, ya tashi a garkar albasa. Ban kawo komai a raina ba. Safiya ta biyu haka, ta uku haka. Ta huɗu na daɗe da gangan ina jiran kwano, har Kalla ya kashe injin. Alƙalamin ya kwanta.

Rana ta biyar bujin injin ya mutu, ɗan abin nan mai ba da wuta da isansi, wato fetur, ke kamawa. Kalla ya ce sai ranar kasuwar Buza zai sayo wani, kafin nan a yi ban-ruwa da guga. Na hau tudu, alƙalami na jan layi miƙaƙƙe kamar gawa. Lurwanu yana ta kai da kawowa. Sau biyu ya fita, kuma ba sama ya duba ba, fadama ya duba.

"Ina Kalla? Ban ji shi ba yau."

Na gaya masa. Kafin azahar ya tura direbansa Buza, aka dawo da buji sabo cikin kwali. Inna Jima ta yi ta sa masa albarka, ɗan da bai manta da albasar ƙanensa ba.

Washegari na ajiye kunun, ban juya ba.

"Yaya, ina da magana."

"Faɗi da sauri."

"Tauraron ga naka, injin maigidana ne."

Na yi zaton zai yi fushi, ko ya ce mace mi ta sani. Sai ya cire tabarau ya goge da gefen riga.

"An riga ki. Wani Ba'ingilishi ya faɗa tun bara waccan, wai wani inji ne kusa da wayoyin. Sa'an nan wasu suka bi shi."

"To waɗanga ɗari da arba'in da bakwai, mi sunka ce?"

"Wasu sun ce a kiyayi irin kuskuren, wasu sun kawo shi misali ga ɗalibai. Binta, ba ki san yadda abin yake ba. Masu ba da kujerar babban malami ba su karanta abin da aka ce, lamba suke dubawa. Wanda ya zage ka ya ambace ka. Yanzu in na koma da sabon awo na ce abin ya sake fitowa, dole su sake amsawa, kafin shekara biyu na wuce ɗari biyu."

"Kai ka san ƙarya ce."

"Ban ce tauraro ne ba wannan karon. Zan ce ba a tabbatar ba." Ya mai da tabarau. "Kuma mi ya shafe ki? Yarinya za ta samu gado nata, da takalma."

"Don mi kake son ta?"

Ya dube ni kamar na tambaye shi don mi ake sa wando.

"Mutum mai matsayina, gida ba yaro, ana magana."

Na ɗauki kwanon jiya na sauko. A hanya na gane inda ɗiyata za ta shiga: layi ɗaya a cikin jerinsa, tsakanin rubutu da kujera.

Na gwada Kalla tukuna, don kada a ce na tsallake shi. Ya saurare ni yana ɗaure tiyon ruwa da roba.

"Ko injina ne, ko jakina ne, wana ne. Inna ta yi magana. Kina so a ce matar Kalla ta yi kukan ɗiyar fari?"

"In an ce, mutuwa za ka yi?"

"Bari, Binta."

Na bari. Amma Lurwanu da kansa ya buɗe mini ƙofa, don girman kai bai bar shi ya tafi shiru ba. Ya gayyaci Maigari da dattawa su hau tudu ana gobe tafiya, su ga tauraro yana magana da idonsu.

Ranar, da aka fita sallar asuba, na biya ta garka da ɗan makullin da Kalla ke ajiyewa ƙarƙashin buhu. Na sha ganin yana cire bujin yana gogewa. Na kwance shi, na ƙulle a bakin zanena, na je na dama kunu.

Hantsi bai yi ba tudu ya cika. An shimfiɗa wa Maigari tabarma a bakin tanti, Inna Jima na gefe da yarinyar a jikinta, an yi mata kitso sabo na tafiya. Lurwanu ya sa kwat. Ya yi bayani mai tsawo, ya fito da ledar ya karanta sunaye kamar goma, yana lanƙwasa harshe, sa'an nan ya duba agogo.

"Saura minti biyu."

Minti biyu suka wuce. Goma suka wuce. Alƙalami na jan layinsa. Maigari ya gyara zama.

"Lurwanu, ko baƙon naka ya yi sammako wani gari?"

Aka yi dariya kaɗan. Lurwanu ya taɓa wannan waya, ya murɗa wancan maɓalli, wuyan kwat ɗinsa ya jiƙe. Idonsa na ta zamewa zuwa fadama, inda ake hango Kalla yana jan igiyar inji yana sakewa.

Na ajiye kunu, na kwance bakin zane, na ɗora bujin a kan doguwar takardar.

"Ranka shi daɗe, ga tauraron nan. A kai ma maigidana shi ɗaura, ku dubi alƙalami."

Inna Jima ta ce, "Ke, wa yak kira ki?" Maigari ya ɗaga mata hannu. Ya juya bujin a tafinsa, ya miƙa wa direban. Muka jira. Muka hango direban ya isa fadama ya miƙa wa Kalla. Da injin ya tashi, alƙalamin ya hau rawa kamar an watsa masa ruwan zafi. Maigari ya sa aka ɗaga wa Kalla hula ya kashe, alƙalami ya kwanta. Ya sa aka tayar, ya tashi. Sau uku ya yi haka, ina jin don daɗin abin ne kawai.

"Ikon Allah," ya ce. "Ashe da isansi shika aiki."

Lurwanu ya fara Faransanci. Na katse shi, abin da ban taɓa yi wa namiji ba.

"Ya sani tun bara waccan, shi ya gaya mini da bakinai. Yaya, tambaya guda. Yarinyar ga da za ka ɗauka gobe, mi sunanta?"

Ya dubi yarinyar, ya dubi uwarsa.

"Fatsima."

"Zaliha sunanta," na ce, kuma ranar ce bakina ya fara faɗinsa tun da aka raɗa shi. "Zaliha ɗiyata ce, ba ta zuwa ko'ina."

Matan da ke baya suka rufe baki da mayafi. Inna Jima ta miƙe, ta ce ba ta taɓa ganin marar kunya irina ba. Amma hannunta na kan kafaɗar yarinyar, kuma ba wajen ɗanta ta tura ta ba. Maigari ya karkaɗe riga ya ce riƙo amana ce, shi bai ga dalilin gaggawa ba, a bar maganar tukuna. Kowa ya san abin da tukuna take nufi a bakinsa.

Washegari mota ta tafi da wayoyinta, ba yarinya. Inna Jima ta yi wata bakwai ba ta amsa gaisuwata. Kalla ya yi kwana uku ba ya cin tuwona, rana ta huɗu yunwa ta sasanta mu. Har yau a bakin rijiya akwai masu ce mini mai kiran ɗiyar fari, ina amsawa. Zaliha tana aji huɗu a lakkwal ɗin Deule, tana kwana a ɗakina.

Lurwanu kuwa bai rasa komai ba. Bara ya aiko wa uwarsa hoto yana zaune a sabuwar kujera, da wasiƙa cewa ya wuce ɗari biyu, yadda ya faɗa. Ta sa hoton a bango. Ni nake share masa ƙura.

Kai mai karanta wannan, wata rana wani zai zo gidanku da takarda cikin leda ya ce duniya ta ambaci sunansa sau kaza. Kada lambar ta ishe ka. Tambaye shi abin da aka ce da aka ambace shi, ka tsaya har ya amsa. In ya fara goge tabarau, kada ka ba shi ko akuya riƙo, balle ɗanka.