Sa Hannun Shugabar Malamai

Saura kwana huɗu a yi zaɓen fid da gwani na ɗan takarar shugaban ƙasa, Malama ta iso ofishin ƙungiyar malamai da ƙarfe takwas saura, ta tarar da Sakatare tsaye a bakin ƙofarta da jarida a hannu. Shekara tara tana shugabancin ƙungiyar, bai taɓa riga ta zuwa ba.

Ko gaisuwar kirki bai yi ba. Ya jira ta buɗe ofis, ya shimfiɗa jaridar a kan tebur. Talla ce ta cika shafi guda: hoton Minista yana murmushi, a ƙasa jerin ƙungiyoyin da suka yi masa mubaya'a. Ƙungiyar malamai ce a kan gaba. Ga sunanta, ga muƙaminta, ga sa hannunta har da lanƙwasar da take yi a ƙarshe.

"Ban sa hannu a kan wannan ba," ta ce.

"Na sani, Malama. Amma 'yan majalisar ƙungiya ba su sani ba. Shida sun kira ni tun da safe. Biyu ba su ma tsaya sauraron bayani ba."

Mutum biyu ne a gaba a takarar: Minista, wanda ya taɓa riƙe ma'aikatar ilimi, da wani lauya da matasan jam'iyya ke so. Cikin wakilan da za su jefa ƙuri'a, sittin da ɗaya malaman makaranta ne, kuma inda majalisar ƙungiya ta nuna, can suke bi. Majalisar mutum goma sha tara ce, kuma da ƙarfe uku na ranar za ta zauna ta yanke wanda za ta mara wa baya. Abin da ya fi ƙona wa Malama rai shi ne, ita ma Minista take so. Mako uku ta yi tana bin 'yan majalisa ɗaya bayan ɗaya, har ta samu sha ɗaya a gefenta. Da an bar ta zuwa la'asar, da ta kawo masa ƙungiyar ta ƙofar gaba.

Ta ƙura wa sa hannun ido, ta gane inda aka samo shi. Watan jiya ta rubuta wa Minista wasiƙar godiya bayan ya kawo musu ziyara, kuma ƙaninta Auta ne ya karɓa ya kai. Shi ne ke kula da hulɗa da ƙungiyoyi a ofishin kamfen ɗin Minista.

Kafin ta neme shi wayarta ta yi ƙara. Ciyaman na ƙungiyar direbobi ne, muryarsa cike da fara'a.

"Malama, kin iya ɓoye magana. Jiya ƙaninki ya nuna mana takardarku, na ce wa mutanena tun da malamai sun shiga, mu me muke jira? Mun sa hannu. 'Yan kasuwa ma sun biyo mu. Sai mun haɗu a otal da sha biyu."

"Wane otal?"

"Taron 'yan jarida mana. Kujerarki na kusa da tawa."

Ta ce za ta kira shi. Ta ajiye wayar.

Auta ya zo da ƙarfe tara, da hular kamfen a aljihu, bai sa ba. Ya rufe ƙofa da kansa ya tsaya kamar ɗalibin da aka kira ofishin hedimasta. Shekara goma sha shida ta ba shi. Ita ta goya shi, ita ta koya masa riƙe fensir.

"Yaya, ki saurare ni tukuna."

"Ina ji."

"Ranar Litinin direbobi suka ce ba za su motsa ba sai sun ga malamai. 'Yan kasuwa suka ce sai sun ga direbobi. Mutanen Lauya kuma sun tare a wurin Ciyaman, saura ƙiris su ɗauke shi. Oga ya tambaye ni a gaban kowa, ina yayarka ta tsaya? Na ce tana tare da mu. Ƙarya na yi? Ke da bakinki kika gaya mini a gidan Inna kina da sha ɗaya."

"A gidan Inna na gaya wa ƙanina. Ban gaya wa ofishin kamfen ba."

"Awa shida ce kawai tsakani, Yaya. Da ƙarfe uku za ku yi abin da jaridar ta ce."

"Ka riga malam masallaci, Auta. Mutum sha ɗayan nan ba tumaki ba ne. Uku a cikinsu da ƙyar na shawo kansu, da alkawarin cewa kowa zai faɗi ra'ayinsa kafin a ɗaga hannu. Yanzu sun tashi sun ga na sayar da su a jarida."

Ya zauna ba tare da an ba shi izini ba. "Idan kika ƙaryata, tawa ta ƙare. Ba wannan ofishin kaɗai ba, babu ɗan siyasar da zai ƙara yarda da ni. Ki zo ki zauna kawai. Ba sai kin yi magana ba."

"Minista ya san yadda aka samu sa hannun?"

Auta ya dubi ƙasa. "Bai tambaya ba."

Bayan fitarsa wata mata ta kira daga ofishin Lauya, murya a tausashe. Ta ce sun samu labarin abin da aka yi wa Malama, abin ya taɓa su ƙwarai. Cikin rabin awa za su iya turo 'yan jarida har ofishinta, kuma Lauya da kansa zai zo ya tsaya a gefenta.

"Ya tsaya a gefena ya yi me?"

"Ya nuna yana tare da malamai."

"Ki gaishe shi. Ki ce masa hoto ɗaya ya ishe ni a rana guda."

Da sha ɗaya da rabi Sakatare ya sauke ta a ƙofar otal ɗin. Zauren ya riga ya cika, an jera kyamarori a baya, masu ɗaukar hoto suna ta gardama a kan wuri. A kan dogon tebur ta hango kwalin da aka rubuta sunanta, dama da kujerar tsakiya. Ta bi ta gefe, ta ce wa mai tsaron ƙofar ƙaramin ɗaki tana son ganin Minista su biyu.

Ya miƙe ya tarbe ta, ya sallami mutanensa. Mutum ne mai sanyin magana, ko a majalisar ministoci ba a taɓa jin ya ɗaga murya ba.

"Ranka ya daɗe, majalisata ba ta zauna ba," ta ce. "Sa hannun da ke cikin jarida daga wasiƙar godiya aka ciro shi. Na zo in roƙe ka ka fita ka faɗa da bakinka cewa an yi kuskure, a cire sunanmu. Idan ka yi haka, zan koma in yi iya ƙoƙarina da ƙarfe uku. Wataƙila in tsira da goma."

Ya juya zoben hannunsa. "Idan na cire sunanku da sha biyu, direbobi za su tashi da sha biyu da kwata. Kin san Ciyaman. 'Yan kasuwa za su bi shi kafin azahar. Goman da kike faɗa, wataƙila ce. Waɗannan kuwa suna hannuna."

"Da ƙarya suka shigo hannunka."

"Malama, lokacin da aka kori malamai ɗari biyu bayan yajin aiki, wa ya mayar da su?"

"Kai ne. Ban manta ba. Shi ya sa na yi mako uku ina yawo saboda kai."

"To ki ƙara mini minti ashirin a kan kujera. Ban ce ki buɗe baki ba." Ya dubi ƙofa. "Ƙanin nan naki yana da ƙwazo. Ba na so ya zama shi ne zai ɗauki wannan kayan."

Ta gane abin da yake nufi sarai. Aka ƙwanƙwasa, aka ce lokaci ya yi.

Ta bi bayansu zuwa zauren don babu wata hanyar fita daga ɗakin. Aka yi tafi. Ciyaman ya jawo mata kujera yana washe baki. Can gefen dandamali Auta na tsaye da takardu a ƙirji, idonsa a kanta. Ta zauna. Mai gabatarwa ya fara karanta jerin, ya kira sunan ƙungiyar malamai da farko, kyamarori suka juyo. Ta san idan ta yi murmushi sau ɗaya, magana ta ƙare.

Ta jawo makirufon da ke gaban Ciyaman.

"Ku gafarce ni. Majalisar ƙungiyar malamai ba ta zauna ba tukuna, sai ƙarfe uku. Ba mu yi wa kowa mubaya'a ba. Sa hannun da kuka gani a jarida nawa ne, amma ba a kan wannan takarda na yi shi ba."

Zauren ya ɓarke da hayaniya. Wani ɗan jarida ya miƙe yana tambaya da ƙarfi wa ya ɗora sa hannun. Ba ta dubi gefen dandamali ba.

"Abin da na sani game da ƙungiyata na faɗa," ta ce. "Sauran ku tambayi masu tallar."

Ta miƙe. Ciyaman ya riƙo gefen kujerarta. "Malama, kin bar ni na shiga ruwa da kayana," ya ce a hankali. Ta ce masa ya yi haƙuri, ya kamata ta gaya masa tun a waya. Kafin ta kai ƙofa ta ji ƙarar kujerarsa, shi ma ya tashi.

Zaman majalisar ya kai awa huɗu. Wata shugabar makaranta, ɗaya daga cikin ukun da Malama ta sha wuya a kansu, ta tambaye ta kai tsaye ko ƙaninta ne ya yi. Malama ta ce shi ne, kuma bakinta ne ya ba shi ƙofa, don ta faɗi lissafin majalisa a gida. Duk da haka ta miƙe ta roƙe su su goyi bayan Minista, ta ce laifin ofishinsa bai goge abin da ya yi wa malamai ba. Takwas suka bi ta. Sha ɗaya suka ce a bar kowane wakili ya zaɓi wanda ransa ya kwanta da shi. Wannan ne karo na farko cikin shekara ashirin da ƙungiyar ta shiga zaɓen fid da gwani ba ta tsayar da kowa ba.

Tun kafin su tashi ofishin kamfen ya fitar da sanarwa cewa wani ma'aikaci ne ya yi gaban kansa, kuma an sallame shi. Direbobi suka koma wa Lauya washegari. 'Yan kasuwa suka rabu biyu. Ranar zaɓe Lauya ya yi nasara da ratar ƙuri'a talatin da huɗu. Malama, wadda ita ma wakiliya ce, Minista ta jefa wa tata, amma babu wanda ya yarda a ɓangarensa. Mutanen Lauya kuma ba su manta ta ƙi karɓar baƙuncinsu ba, ko katin bikin nasara ba su aiko mata ba.

Auta ya daina ɗaukar wayarta. Inna, wadda ba ruwanta da siyasa, ta kira su duka biyun ranar Asabar ta ce tsohuwar firjinta za a fitar, kuma ba za ta kira ɗan dako ba tana da 'ya'ya. Malama ta tarar da shi ya riga ya cire wayar firjin daga bango. Ya rame. Ya gaishe ta kamar yadda ake gaida baƙuwa.

"Ka samu wani abu?" ta tambaye shi.

"Wani kamfanin buga takardu. Ranar Litinin zan fara." Ya sunkuya ya kama ƙasan firjin. "Ba ki faɗi sunana a otal ba. Na lura."

"Na faɗa a majalisa."

"Na ji." Ya gyara riƙonsa. "Da kin zauna, Yaya, da yanzu shi ne ɗan takara. Wanda ke kanki kike so."

"Na sani."

Inna ta leƙo daga ɗaki ta ce idan sun gama taron nasu, su kula da fentin ƙofarta. Malama ta tattare mayafinta ta ɗaure a ƙugu, ta kama ɗaya gefen. Firjin ta fi yadda suka zata nauyi, sai da suka ajiye ta sau biyu kafin su kai tsakar gida.