Karyayyun Asabar

A masana'antar biskit ɗin, duk wanda ya karye a kan bel ɗin injin da ke turo shi ba ya shiga leda. Akwai wata shuɗiyar roba a ƙarƙashin teburin masu shiryawa, can ake tura shi da gefen hannu ba tare da an ko dube shi ba. Ranar Asabar idan an kashe inji, sai matan su zagaye robar, kowacce ta ɗibi rabonta ta kai wa 'ya'yanta. Ba wanda ya rubuta haka a ko'ina. Haka suka tarar ana yi, haka suka ci gaba.

Walƙiya ta fi kowa daɗewa a kan bel ɗin, kuma saurin hannunta ne ya jawo mata sunan. Da karyayyun nan ta yi ta lallashin ƙanenta yana yaro, bayan iyayensu sun rasu sun bar mata shi. Yanzu ya zama namiji har da gemu, ita ce ma ta yi ta zarya a ofis sai da aka ɗauke shi gadi a ƙofar masana'antar. Manyan 'ya'yanta biyu sun riga sun koyi haɗiye miyau su wuce shago. Auta ce ba ta koya ba tukuna. Ita duk Asabar a bakin ƙofar ɗaki take tsayawa, ba uwar take jira ba, kular abincin da ke hannun uwar take jira.

Sai kaya suka fara tashi, kuma abin haushi, kayan daɗin yara suka fi kowa gudu. Alawa ta bar gidan Walƙiya, lemon kwalba ya bi ta, askirim kuwa sai dai a ji ƙararrawar mai keke ta wuce. Biskit ɗin da take shiryawa da hannunta, da shida ake sawa a leda, aka koma biyar, aka koma huɗu da iska, kuɗin kuma ya ninka. Mai albashi irin nata ba ta isa ta sayi abin da ta wuni tana shiryawa ba. Karyayyun Asabar su ne daɗi na ƙarshe da ya rage wa Auta, kuma Walƙiya ta rantse a ranta ba za ta shiga ɗaki hannu rabbana yarinyar tana kallon ta ba.

Ana haka wani mai wayo a ofis ya gano cewa talaka ya daina sayen lafiyayye, amma zai sayi karyayye. Aka ɗora shuɗiyar robar a kan sikeli, aka fara ƙulla abin da ke ciki a farar leda ana kai wa shaguna. Aka ce daga yau duk wadda ta fita da ko ɓarɓashi ɓarauniya ce, za a caje kowa a ƙofa.

Walƙiya ba ta daina ba. Takan cinye abincinta da rana, ta goge kular ƙarfen tas, ta cika ta da karyayyu ta murɗa murfi. Masu gadi jaka suke buɗewa, ba ruwansu da kula. Ƙanenta ya sani sarai, don daga cikin wannan kular ya ci yana yaro, amma kullum sai ya leƙa jakarta ya ɗaga mata hannu ta wuce.

Wannan Asabar ɗin babban mai gadi da kansa ya fito ya tsaya kan layi. Ƙato ne mai wuya kamar turmi, matan suna kiran sa Kulki saboda ko banɗaki ba ya shiga babu kulkinsa. Ƙanenta ya buɗe jakarta, ya rufe, ya ce ta wuce. Ta ɗaga ƙafa ke nan Kulki ya sa sandar ya tare mata hanya.

"Kawo kular nan."

"Ba komai a ciki, ranka ya daɗe. Na cinye."

Ya karɓa ya kai kusa da kunne ya girgiza. Kular da ba komai ba ta magana, wannan kuwa ta amsa. Matan da ke layi suka dubi juna, domin a cikinsu babu wadda kularta ba za ta amsa ba.

Kulki ya miƙa wa ƙanenta kular. "Yayarka ce, ko? To kai za ka yi. Ka san doka."

Dokar ita ce, abin da aka kama a zuba a ƙasa a take shi a gaban mai shi, don kada a ce masu gadi ne ke ci. Ƙanenta ya tsaya da kular a hannu, gumi na bin wuyan rigarsa. Matarsa tana da tsohon ciki, Walƙiya ta fi kowa sanin haka. Ya murɗe murfin, ya kifa. Karyayyun suka zube a kan siminti, wasu har da sauran kirim a jikinsu, waɗanda ta tsinta ɗaya bayan ɗaya saboda Auta ta fi son su.

"Yaya, ki yi haƙuri," ya ce ƙasa-ƙasa. "Aikina ne."

"Kada ka taka."

"Yaya..."

"Na ce kada ka taka, Ƙarami."

Ya ɗora takalmin gadi a kai ya murza.

Ƙarar da ta ji ba ta da yawa, amma idonta ya rufe. Ta fizge kular daga hannunsa ta maka masa a baki da dukan ƙarfin hannun da ya yi shekaru yana aikin bel. Leɓensa ya fashe. Ya yi baya ya bugu da ƙofar ƙarfe, ya tofar da jini haɗe da haƙori. Ba ta tsaya ba. Ta bi shi ta ƙara masa a goshi, ta ƙara a kunne, tana duka tana faɗin, "Ni na ciyar da kai, ni na wanke maka kashi." Shi kuwa bai rama ba, hannu kawai ya sa ya kare fuska, kuma wannan ya ƙara tunzura ta.

Kulki ya sauke mata sanda a wuyan hannu. Ta ji ƙashin ya amsa kafin ta ji zafin. Kular ta faɗi ta gangara. Na biyu ya same ta a kafaɗa, na uku a baya, ta zube a kan gwiwa, ya sa takalmi ya hamɓare ta ta faɗi da fuska a cikin ɓarɓashin. Ta ji sukari da ƙasa da jini a bakinta lokaci guda.

Nan wuri ya hargitse. Wata tsohuwar mai shara ta yi kukan kura ta ɗare bayan Kulki ta kafa masa haƙora a kunne. Matan suka yi caa a kan masu gadi da kuloli da takalma da duk abin da hannu ya kai gare shi. Kuloli suka yi ta buɗewa, biskit na watsewa ana takawa. Wata ta ɗauki bulo ta tarwatsa gilashin ɗakin gadi. Aka ja wani mai gadi ƙasa aka yi masa jina-jina, wata yarinya sabuwar ɗauka kuma kulki ya fasa mata kai, ta zauna dirshan tana kallon jinin a tafin hannunta kamar ba nata ba. Masu lodi suka fito daga sito da katako, ba a ma san ɓangaren wa suke ba, duka kawai suke ba ji ba gani.

Walƙiya tana rarrafe a tsakiyar ƙafafu, ana taka mata yatsu, tana neman kularta. Ta samo ta a gindin bango ta lotse. Da ta ɗago sai ta ga ƙanenta zaune a jingine da ƙofa, gaban rigarsa ya jiƙe sharkaf, yana kallon ta da ido ɗaya don ɗayan ya rufe. Tausayinsa ya kama ta, haushinsa kuma bai sake ta ba, ta kawar da kai.

Da ƙura ta lafa, Kulki ya zo yana riƙe da kunnensa da tsumma. Ya tsinke katin aikin da ke wuyanta, ya karya shi biyu ya jefa mata. Mutum biyu suka kama ta suka wurgar waje, aka ja ƙofa.

Da ƙafa ta tafi gida, hannun dama a rungume a ƙirji ya kumbura ya yi suntum. A kwanar layinsu ta tsaya gaban shago. Ga fararen ledojin nan a rataye, karyayyun da ta tura da hannunta ne, an manna musu sabon farashi a kan tsoho. Mai shago ya dubi fuskarta ya buɗe baki zai yi tambaya. Ta wuce.

Rana ba ta faɗi ba, Auta tana bakin ƙofa. Ta sheƙo da gudu, ko fuskar uwar ba ta kalla ba, ta cafki kular da hannu biyu ta ja. Jan ya taɓa karyayyen hannun. Walƙiya ba ta san lokacin da hagunta ta tashi ba. Marin ya ɗauke yarinyar ya buga ta da bango, kular ta faɗi ta buɗe, ba komai a ciki sai ƙasa.

Ba ta taɓa dukan Auta ba. Ta tsaya tana kallon shatin yatsunta yana fitowa a kumatun yarinyar, tana jira ta fashe da kuka, don kukan ma da ya fi mata sauƙi.

Auta ba ta yi kuka ba. Ta dubi kular, sannan ta ɗago ta dubi uwar da kyau, fasasshen baki, yagaggen mayafi, hannun da ke rungume. Ta miƙe a hankali, ta ɗauki murfin ta rufe kular, ta tura ta ƙarƙashin gado da ƙafa.

"Umma, ki bar kawowa," ta ce. "Ni dama ba na son biskit."

Walƙiya ta zame ta zauna a dokin ƙofa, yarinyar ta tafi ɗebo mata ruwa.