Hoton da Ya Ƙi Motsi

Tun jiya da la'asar Husaina ba ta ji motsin cikinta ba. Da hantsi mijinta Ɗalha ya kai ta ɗakin awon Sista Larai a Koki, ya zauna a benci a waje. Shi ke kula da kwamfutar da ake hoton ciki da ita a nan, tsohuwar laftof ce da ya saka wa sabon faifan ajiya na SSD.

Bai daɗe da zama ba Sista ta ɗaga labule.

"Injiniya, shigo."

Ba ta yi masa tsiyar da ta saba ba.

Husaina na kwance, idonta a kan allon. Ga kan jaririn, ga haƙarƙari, ga ɗan duhun nan a ƙirji inda Ɗalha ya saba ganin abu yana ɓal-ɓal. Yau shiru.

"Na sa ƙahon saurare, injin markaɗen maƙwabta ya hana ni jin komai," in ji Sista a hankali. "Ina isa ƙirji hoton ya tsaya. Na'urar ce ko yaron ne, ban sani ba."

"Yaya Ɗalha," Husaina ta ce, "ba ya motsi, ko?"

Ya ja yatsa a kan laftof ɗin, kibiyar da ke kan allon ba ta gusa ba. Agogon ƙasan allon ma ya tsaya. A nan ya gane aikinsa ne.

Ƙwaƙwalwar wannan kwamfuta, RAM, ƙarama ce. In ta cika, sai ta ari wuri a faifan ajiya ta jibge abin da ya yi mata yawa. A inda Ɗalha ya yi karatu an taɓa ce masa yawan rubutu na cinye SSD. Shi kuwa ɗan gidan da ba a cire ledar sabuwar kujera ne. Makon jiya ya rufe wurin aron nan don faifan ya yi ƙarko. Sista kuma ba ta rufe hoton kowa, tun safe take tara su. Ƙwaƙwalwar ta cika, babu inda za ta sauke kaya, ta sandare.

"Na'urar ce," ya ce.

"To yaron fa?"

Sandarewar kwamfuta ba ta nuna yaron na raye ba, ta dai hana a sani.

Ya danne maɓallin kashewa har allon ya yi baƙi. Husaina ta ja numfashi kamar ita aka kashe wa wuta. A bayan labule mahaifiyarta, 'Yardada, ta fara salati da ƙarfi.

Kwamfutar ta tashi. Sista ta miƙa hannu.

"Tsaya. In ban buɗe mata wurin aron ba, za ta iya sake tsayawa."

"Kai dai yi sauri, ba lacca na tambaye ka ba."

Ya danna inda ba nan ba, ya koma. Ya sami ɗan akwatin nan a allon, wanda ya cire wa alama da kansa makon jiya, ya mayar, ya bar wa kwamfutar ta ɗebi wurin da take so. Ta nemi a sake tayar da ita. Ya sake. Ɗigo-ɗigon nan suka yi ta zagaye a allon. Injin markaɗe ya yi shiru, sai salatin 'Yardada. Husaina ta kama bakin rigarsa, bai iya kallonta ba.

Sista ta ƙara shafa wa cikin Husaina mai, ta ɗora na'urar a kai. Kai ya bayyana, ya karkace da ta karkata hannu. Ta gangara. Haƙarƙari. Ta tsaya, ta danna kaɗan.

Duhun nan ya buɗe, ya rufe, ya buɗe.

"Ga shi nan, ɗan banza," in ji Sista. "Yana bugawa. Amma bai yi mini sauri ba. Ku wuce babban asibiti yanzu, kada ku biya gida."

Ɗalha ya sunkuya yana sa wa Husaina takalmi.

"Injiniya, me ka yi wa abar?" in ji Sista.

"Wurin aro na buɗe mata. Zai ɗan ci faifan."

"To ya cinye shi mana. Nemo adaidaita."

Ya fita da gudu.