Yatsan da Bai Taɓa Siminti Ba

Tun da aka buɗe ofishin katin shaida tsohon magini yake kan benci, amma ya kasa zama wuri ɗaya. Ya tashi ya leƙa taga, ya dawo, ya zaro katinsa ya kai dab da hanci, ya mayar aljihu. Gobe da safe za a cire masa yanar ido a asibitin gwamnati. Jiya kuwa mai rajistar asibitin ya turo masa katin da bayan biro, wai wa'adinsa ya ƙare, in ba a sabunta ba wani za a ba gadon.

"Malam, zauna mana, kana sa ni jiri," in ji matarsa.

"Wai kati ya mutu! Ni da nake cikinsa ga ni da raina."

Sai dab da tashi aka kira lambarsa. A kan teburin ma'aikaciyar akwai wani ɗan akwati mai gilashi, yana haske kamar ruwan rijiya da hantsi. Ya shagala da kallonsa har sai da ta ƙwanƙwasa tebur.

"Baba, ɗora babban yatsa."

Ya ɗora. Fitila ta kawo ja. Ya danna har farcensa ya yi fari, ja dai.

Ta juya hannunsa ta duba. "Baba, ina zanen yatsunka? Sumul kamar bayan cokali!"

"Siminti ne, 'yata. Shekara arba'in yana ci."

"Faɗa mata gaskiya," in ji matarsa daga baya. "Yau da safe da dutsen goge kaushi ya dirje su, wai kada ya zo wa hukuma da datti."

"Ke kika ce in yi tsaf!"

"Wankewa na ce, ban ce ka kankare ba."

Ma'aikaciyar ta sa ya goga yatsun a goshi ko maiƙo zai fito da zanen. Ɗaya bayan ɗaya, tara duka ja. Mai gadi ya fara rufe tagogi.

"Saura ɗaya, Baba. Me kake ɓoyewa?"

Ƙaramin yatsan hagu ne. Tun yana sabon shiga gini bulo ya faɗo masa, ya sandare a miƙe, bai ƙara taɓa aiki ba. Mai Hutu matarsa ke kiran yatsan.

"Wannan ba ya komai, 'yata."

"Shi nake so."

Sai da ya karkace kafaɗa kafin yatsan ya kwanta a gilashin. Akwatin ya yi ɗan ƙara, fitila ta kawo kore.

Ta buga hatimi a wata takarda ta miƙa masa. "Asibiti za su karɓi wannan kafin katin ya fito."

A bakin ƙofa ya tsaya, ya ɗaga yatsan sama yana juya shi. Dishi-dishi yake ganinsa.

"Gobe in an buɗe min ido," ya ce, "shi zan fara dubawa. Ina son in ga me aka rubuta a jikinsa."

"To, ni kuma sai jibi ke nan," in ji matarsa, ta kama hannun rigarsa suka sauka matakala.