Maƙwabciyar Zulaiha

Duk Kazaure in ana zancen maganin mata, sai an ambaci Inna Dela. Mai jegon da nono ya ƙi zuwa, ta jiƙa mata hulba. Mai ciwon mara ta tafi da sassaƙen marke. Sabara kuwa ba ta yankewa a tsakar gidanta. Sai dai tana da doka guda, ba ta ba da maganin nono sai ta sa hannu ta taɓa.

Wata ma'aikaciyar asibiti, Sista Martina, ce ta tara ungozomomi da masu saiwa shekarun baya, ta nuna musu yadda ake lalube da yatsu uku har cikin hammata. Ranar Inna Dela ta sha tsaki, wai yarinyar da aka haifa jiya za ta koya mata jikin mace. Amma fa ta riƙe. Tun daga nan in ta ji ƙulli mai tauri da ba ya motsi, sai ta rufe ƙwaryar maganinta ta ce wannan ba nata ba ne, a tafi asibiti yau. Mata nawa ta kora haka suna tafe suna mita, daga baya suka dawo mata da goro.

To, mace ɗaya ce tak hannun nan bai taɓa ba tun da aka yaye ta, 'yarta ta fari, Zulaiha. Kunyar 'yar fari ce, irin ta mutanen da. Ba ta kama sunanta, ba ta haɗa ido da ita, ba su taɓa cin tuwo a kwano ɗaya ba. Kaka ce ta raini yarinyar, ta tashi tana ce wa uwarta Yaya. Da ta auri Ashiru ya kai ta Roni, sai Inna Dela ta samu sauƙi, in za ta yi zancenta sai ta ce ta Roni. Shekara talatin da takwas ana yabon kawaicinta, ita ma tana jin daɗin yabon.

Bayan ƙaramar salla Zulaiha ta zo gaisuwa. Ta zauna a bakin ƙofa tana kallon kaji, can ta ce wata maƙwabciyarta ce wani abu ya fito mata a nono, kamar ƙwayar gyaɗa, ba ya ciwo. Inna Dela ta ce a kawo ta. Zulaiha ta ce matar ba mai fita ba ce. Zancen nono da 'yar fari, ina za a kai wannan nauyi? Don dai a rufe maganar, tsohuwa ta ƙulla garin sabara da man kaɗanya ta ajiye a tabarma. Ranar ta karya dokarta.

Bayan wata biyu Zulaiha ta dawo, wai abin ya kai ƙwan zabo. Ana zafi kamar me, amma ta naɗe da mayafi mai kauri, kuma da za ta yi alwala da hagu ta ɗauki buta. Inna Dela ta lura. Kada wani ya ce ba ta gane ba, wallahi ta gane. Taku uku ne tsakaninsu. Abin da ya rage shi ne ta tashi kawai, ta ja ta ɗaki, ta rufe ƙofa. Amma ƙafarta ta ƙi. Sai ta dubi bango ta ce, “Ki gaya wa maƙwabciyar taki ta je asibiti. Wannan ba nawa ba ne.”

Zulaiha ta sunkuyar da kai. Ta ce matar tsoro take ji, an ce mata ciwon daji ba ya son ƙarfe, da an sa wuƙa shi ke nan, ga 'ya'ya huɗu. Inna Dela ta ce ƙarya ne, ita ta san waɗanda aka yi wa aiki suna nan suna goyon jikoki.

“To, Yaya, zan gaya mata.”

Sannan ta miƙo hannu, tsohuwa kuma ta sake ƙulla garin.

Haka suka cinye damina, uwa da 'ya suna aiken juna wurin matar da babu ita. Inna Dela ta yi ta cewa in ta Roni ta sake zuwa za ta kama ta, in ta zo kuma sai bakinta ya mutu. Abinci ya daina shiga mata.

Ana yankan gero Ashiru ya zo da kansa a kan mashin. Ya durƙusa ya ce, “Inna, ki zo. Ta hana ni faɗa, amma ba ta iya tashi.”

Turaren wuta ya cika ɗakin, bai dai ɓoye warin ba. Inna Dela ta tura ƙofa, ta zauna a bakin gado, ta kwance zanin. Ƙarƙashin tsumma ga garinta nan, nata na hannunta, ya daskare a kan gyambo. Ta kai yatsu hammata, ta ji ƙulle-ƙulle jere kamar tsakuwa. Ba ta buƙaci kowa ya gaya mata ba.

Duk da haka suka kai ta Kano. Likita ya tambayi yaushe abin ya fara, aka ce wata takwas. Ya ajiye biro. Ya ce ya riga ya shiga ƙashi, sai dai a rage mata raɗaɗi. Sai ya tambayi wa ke ba ta magani a gida, ba da faɗa ba.

“Ni ce,” in ji Inna Dela. “Uwarta.”

Kwana goma sha tara ta yi a Roni tana jinya. Ita ke mata wanka, ita ke ba ta kunu a cokali, Zulaiha kuwa har a lokacin sai ta juya fuska bango. Wata hantsi, muryarta ta dushe, ta ce, “Yaya, maƙwabciyar nan ta ce a gaya miki ta gode. Ta ce kada ki sa komai a ranki.”

Nan zuciyar tsohuwa ta karye. Ta riƙe hannunta ta ce, “Zulaiha.”

Zulaiha ta buɗe ido ta dubi ƙofa, tana neman wanda ya shigo.

“Ni ce, 'yata. Ni na kira ki.”

Ta juyo a hankali, ta daɗe tana kallonta. Ta ce, “Ashe haka yake a bakinki.”

Washegari kafin azahar aka kai ta makwancinta. A wurin zaman makoki tsofaffi suka yi ta zunɗe, wai Dela da tsufanta ta zubar da kunya, tana kukan 'yar fari a gaban jama'a. Ba ta ma ji su ba. Tana zaune a ƙofar ɗakin, sunan kawai take kira.